Gasar rediyon sha'awa: daƙiƙar wa ka ci?

A ƙarshen makon da ke rufe watan Oktoba, duk mai rediyon da ke kama zangon masu sha'awa, wato masu lasisin magana da juna ta rediyo don nishaɗi, in ya murɗa zuwa zangon mita 20, zai tarar babu masaka tsinke. Murya kan murya, wannan da lafazin Jamus, wancan da na Japan, wani daga tsibiran Karibiyan, kowa na zazzago haruffa da lambobi ba ko numfashi. Gasar CQ World Wide ke nan, wadda mujallar CQ ta Amurka ta assasa a 1948. Awa 48 ake yi, daga ƙarfe 12 na daren Juma'a agogon GMT har Lahadi ta ƙare. A ƙarshen Nuwamba kuma a sake irinta da bugun Mos, wato aika haruffa da gajeru da dogayen sautuka maimakon murya.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Ka tuntuɓi tashoshi iya ƙarfinka a zanguna shida, mita 160, 80, 40, 20, 15 da 10. A kowace tuntuɓa ku yi musayar lambar kira, wato sunan da hukuma ta ba tasharka tare da lasisi, da rahoton ƙarfin sigina, da lambar shiyya, domin an kasa duniya shiyya 40: Yammacin Turai 14, Japan 25, haka dai. Tashar wata nahiya maki uku ce, ta wata ƙasa a nahiyarku yawanci maki ɗaya. A ƙarshe a ninka jimlar makin da yawan ƙasashe da shiyyoyin da ka samu a kowane zango.

Wasan yana da wani hali da ba kasafai ake samunsa a wasanni ba. A tsere ko ƙwallo, abokin hamayya ba ya ba ka komai. A nan kuwa duk makin da ya shiga rajistarka, wato kundin da kake rubuta waɗanda ka tuntuɓa, wani ne ya tsaya ya saurare ka, ya rubuta lambarka daidai, kuma sau da yawa shi ɗin ma so yake ya doke ka. Ga shi babu alƙali a ɗakin. Kowa yana nasa gidan, ko a wani tsibiri, shi da na'urorinsa.

Shi ya sa ba na tare da masu cewa ladabi a gasa kwalliya ce, wai in ana neman sauri ba a neman sannu. Na yarda gasa ba wurin gaisuwa da tambayar iyali ba ne, kuma wanda ya tsaya ba ka labarin eriyarsa a tsakiyar gasa shi ma ya ɓata maka lokaci. Amma ni ma'aunina ɗaya ne: daƙiƙar nan da ka rage, daga wajen wa ta fito? In daga naka surutun ka yanke ta, gwaninta ce. In kuwa ka same ta ne ta hanyar ɗora wa wasu jira da maimaici da asarar maki, to ci da gumin wasu ne, ko da sunanka ya fito a saman jadawali.

Hanya biyu ake bi wajen neman maki. Ko dai ka kama gurbi ɗaya a cikin zangon ka zauna kana kiran CQ, wato gayyatar duk mai ji ya amsa, mutane su zo gare ka, ko ka fita farauta, kana murɗawa kana amsa wa masu zama. Gwanin mai zama kan wuce tasha 200 a awa ɗaya. A ce 240 ya yi, daƙiƙa 15 ke nan ga kowane mutum. Faɗin lambar kira na cin daƙiƙa biyu ko uku, don haka sai zuciya ta raya masa ya daina faɗa. Yana gamawa da wannan sai ya ce "QRZ", wato wa ke kirana, ya ɗauki na gaba. Mai bugun Mos kuma ya buga "TU" kawai, wato na gode. A yi ta tafiya haka minti biyu, minti uku, ba wanda ya ji sunan mai gurbin.

Yanzu ka tsaya a matsayin mai farauta da ya faɗo kan wannan gurbi. Dole ya san wane ne, domin tashar da ka riga ka tuntuɓa a zango ɗaya, in ka sake ba ka da ko maki. Sai ya tsaya jira. Ba shi kaɗai ba ne, wataƙila su ashirin ne ko fiye, kowa ya zuba kunne. Mai zama ya tsira da daƙiƙa biyu, mutum ashirin sun ƙona minti ɗaya ɗaya. Wasu su gaji su kira da ka, a tuntuɓe su, sannan su tambayi sunan, sai a tarar maimaici ne, an ɓata lokacin kowa har da na mai rowar sunan.

Akwai mafi muni. Tun ƙarshen shekarun 1980 masu wannan harka ke da allon kwarmato, inda wanda ya ji wata tasha yake rubuta lambarta da gurbinta don wasu su gani. Da farko ta rediyo ake yaɗa shi, yanzu ta intanet. Daga 2008 kuma aka samu manhajar CW Skimmer, wadda ke sauraron bugun Mos da kanta tana fitar da lambobi. Mai zama da ba ya faɗin sunansa a kan wannan allo ya dogara: ai an riga an rubuta ni. To amma allon na kuskure. A Mos, S ɗigo uku ne, H huɗu, 5 biyar. Ɗigo ɗaya ya ɓace a cikin ƙara, suna ya canza. Mutane su danna, su kira, su rubuta abin da suka gani a allo. Ranar da ake tantance rajistoci bayan gasa, dokar gasar CQ ta ce lambar da aka rubuta ba daidai ba a cire ta, a kuma ci tarar ninki biyu na makinta. Mai farauta ya rasa ukunsa, an ƙara zaftare masa shida, mai zama kuwa makinsa na nan daram. Gaskiya ne mai farautar ma yana da laifi, don bai kamata ya rubuta abin da kunnensa bai ji ba. Amma wane ne ya hana kunnen ji?

Masu wannan ɗabi'a suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce idan cincirindo ya yi yawa, faɗin suna kowane lokaci ƙara jawo mutane yake, har a kai inda ba a iya tsintar harafi ɗaya, shirun kuwa yana rage taron. Na ji. Sai dai wannan hujja ita kanta amsa laifi ce: matsalarsa ya warware da lokacin wasu. Dokar CQ ta lissafa tuntuɓa uku a jere ba tare da faɗin suna ba cikin rashin ɗa'ar wasa. A ganina ma an yi sassauci. Wanda zai iya ɗaukar mutum huɗu a minti, ba faɗin sunansa ne zai kayar da shi ba.

Masu farauta kuma nasu halin a cikin turmutsutsu yake fitowa. Tasha ce daga ƙasar da ba a cika ji ba, kowa na son ta don ta ninka masa maki. Mai zama ya kasa kunne cikin hayaniyar, ya tsinci wutsiyar wata lamba, haruffan K da B, ya ce, "Mai Kilo Bravo kaɗai." Abin da ya dace shi ne kowa ya yi tsit sai mai Kilo Bravo. Amma ga wani mai Zulu Tango, wanda ko harafi ɗaya bai haɗa su ba, ya danne maɓallin makirufo yana ta rattaba tasa lambar da dukkan ƙarfin amfilifayarsa. Mai Kilo Bravo yana can da wat 100 da wayar da ya ɗaura tsakanin itatuwa biyu, yana magana, ba a jin sa. "Kilo Bravo, sake." Zulu Tango ya sake rufe shi. "Kilo Bravo kaɗai, don Allah." Abin da zai ɗauki daƙiƙa goma ya kai minti, kuma shi kansa mai Zulu Tango ya ƙara wa kansa jira, don layin bai motsa ba.

A nan mai zama yake nuna ko shi wane ne. In ya gaji ya ce, to Zulu Tango 59, ya huta da shi, amma ya koya wa duk taron cewa kutse na biya, kuma daga wannan minti ba mai sake yi masa shiru. In ya nace sai ya gama da Kilo Bravo, zai yi asarar rabin minti, taron kuwa ya daidaita. Na lura rikitaccen cincirindo, rabin laifinsa na mai gurbin ne. Masu kira kuma su daina jefa haruffa biyu na ƙarshe kawai suna ganin dabara ce. Hakan na tilasta a sake tambayarsu sauran. Cikakkiyar lamba sau ɗaya, da haruffan da duniya ta sani, Alfa, Bravo, Charlie, sannan a saki maɓalli a saurara.

Wani abin da waɗanda ba sa gasa ke yi mana dariya a kai shi ne rahoton 59. A ƙa'ida 5 na nufin ana jin ka sarai, 9 kuma siginarka ta kai maƙura. A gasa kowa 59 ne, har wanda aka sa ya maimaita sunansa sau huɗu. Wannan bai dame ni ba. Kowa ya san lambar cika sharaɗi ce, ba wanda aka yaudara, ba wanda aka ci wa lokaci. In za a yi faɗa, a yi shi inda ake cutar da wani.

Inda ake cutarwar shi ne wajen gurbi. Muryar SSB, wato salon aika murya da ake amfani da shi a gasar, na buƙatar faɗin kilohaz uku ko ƙasa kaɗan. Mita 20 gaba ɗayanta daga megahaz 14.000 ne zuwa 14.350, abin da ya rage wa masu murya bai kai kilohaz 250 ba. Gurbi tamanin ke nan da ƙyar, ga dubban tashoshi. Matsi dole ne, kuma wanda ke son gurbi fes ba ƙara a ranar gasa, mafarki yake. Amma matsi daban, ƙwace daban. Al'ada ta ce kafin ka kira CQ ka saurara, sannan ka tambaya ko akwai mai wurin, masu Mos su buga "QRL?", sannan ka sake saurarawa. Dalilin na kimiyya ne. Gajeren zango tsalle yake yi, ya doki saman sararin samaniya ya dawo ƙasa da nisa, ya tsallake na kusa. Kana iya jin shiru alhali mai gurbin yana can yana fama da wata raunanar tasha da kai ba ka ji. Da yawa sun mayar da tambayar ta ganin ido: su buga "QRL?" su ɗora CQ a kai ba ko daƙiƙa ɗaya a tsakani. Wasu ma ba sa wahalar da kansu. Su sauka rabin kilohaz daga ƙaramar tasha, su saki na'urar da ke maimaita kira da kanta, su jira ya gaji ya tashi.

Sai fantsama. Idan aka cika wa amfilifaya wuta fiye da ƙima, ko aka murɗe ƙarfin makirufo har ƙarshe, muryar ba ta tsayawa a kilohaz ukunta, sai ta watsu hagu da dama ta rufe maƙwabta. A Mos kuma ƙas-ƙas ɗin maɓalli ne ke bazuwa. Wani rashin sani ne, in aka gaya masa ya gyara. Wani kuwa ya sani sarai, kuma yana so, domin faffaɗar sigina katanga ce: ba mai iya zama kusa da shi, sai ya samu sararin jin raunanan tashoshin da wasu ba sa ji. Ya ci gurbi uku da sunan ɗaya. Wannan a wurina ya fi ƙarya a rajista muni, don ƙarya a rajista jadawali take ɓatawa, fantsama kuwa tana hana mutane wasan ne a lokacin da ake yin sa.

Batun ƙarfin wuta amana ce tsantsa. CQ ta yi rukuni uku: wat 1500, wat 100, da wat 5. Kai ne za ka rubuta rukuninka da hannunka. Wanda ya kunna amfilifaya ya ce shi ɗan wat 100 ne, ya ƙwace lambar yabon wani da ya yi kwana biyu yana haƙuri da ɗarinsa. Wuri ɗaya na sani da aka toshe wannan ƙofa, gasar WRTC da aka fara a birnin Seattle a 1990, aka yi ta a Jamus a 2018, a Italiya a 2023. A can ana tara gwanaye a yanki ɗaya, mutum bibbiyu, eriya iri ɗaya, wat 100, da alƙali zaune kusa da su awa 24 yana sauraron duk abin da suke ji. Abin na da kyau, amma tawagogi 'yan kaɗan ne. Ba za a iya aika alƙali kowane ɗaki a duniya ba.

Duk wannan tsakanin 'yan gasa ne. Akwai kuma waɗanda ba su shiga ba, masu lasisi iri ɗaya da namu, da yawansu Asabar da Lahadi kaɗai suke da sukunin kunna rediyo. Su zo hira da abokai su tarar an cika ko'ina. Amsar da 'yan gasa suka saba bayarwa ita ce, ai ga zangunan da ba a gasa. Gaskiya ne. A babban taron rediyo na duniya da aka yi a Janiba ta Suwizalan a 1979 an ba masu sha'awa sababbin zanguna uku, mita 30, 17 da 12, kuma an yi yarjejeniyar mutunci cewa ba za a yi gasa a cikinsu ba, har yau ana kiyayewa. Amma a faɗi sauran gaskiyar: mita 30 faɗinta kilohaz 50 ne kacal, kuma a yawancin ƙasashe ba a magana da murya a cikinta, sauran biyun ɗari ɗari ne, mita 12 kuwa ba kullum take buɗewa ba. Wanda aka ce ya koma can, ba daidai da abin da ya bari aka ba shi ba.

Ba na goyon bayan masu cewa a hana gasa ko a tsuke ta a ɗan lungu. Manyan gasannin da ke cika zango baki da baki 'yan ƙarshen mako ne ƙalilan a shekara. Gasa ce ke horar da kunne, ita ce ke sa a ji ƙasashen da shekara ke wucewa ba a ji su ba, kuma zangon da aka bari shiru, akwai masu kasuwancin sadarwa da ke zuba masa ido. Ba wanda ya mallaki gurbi, kuma wannan magana kaifi biyu gare ta. Ƙungiyar hirar da ta saba haɗuwa a wani wuri ƙarfe kaza ba ta da ikon korar wanda ta tarar, balle wani ya huce haushi da busa ko kiɗa a kan ɗan gasa, wanda laifi ne a dokar lasisi. Amma akwai wurare ƙalilan da duk mai hankali zai kauce musu. A kan 14.100 tashoshin manuniya 18, masu aika sigina da kansu, ke bi da bi a faɗin duniya, kowacce na dawowa bayan minti uku, don a san inda hanya ta buɗe. A 14.230 masu aika hotuna ke taruwa. Ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta duniya, IARU, ta ware kewayen 14.300 don saƙonnin gaggawa, masu jiragen ruwa ma a nan suke neman taimako. A 14.325 masu bibiyar guguwar tekun Atlantika ke aiki idan guguwa ta doso ƙasa, kuma lokacin guguwar, Yuni zuwa Nuwamba, ya haɗa da ranakun gasar. 'Yan kilohaz ne waɗannan. Wanda ya ce bai san da su ba bayan ya iya kafa hasumiya da eriya hawa uku, ba na jin rashin sani ne.

Sabon shiga ma a ba shi haƙƙinsa. In ya kira da bugu a hankali, a sassauta a amsa masa daidai saurinsa. Kaso mai yawa na sunayen da ke cika rajistar manyan tashoshi na irin waɗannan ne, masu leƙowa na awa biyu su ba da maki su tafi. Wanda aka yi wa tsawa bana ba zai leƙo baɗi ba.

Bayan an rufe gasa akwai ɗan wa'adi na aika rajista, kuma a nan ma ana iya cutar da wani ba tare da an taɓa makirufo ba. Doka ta hana gyara lambobi bayan gasa ta hanyar duba kundin intanet, ko sauraron sautin da aka naɗa, ko aika wa mutum saƙo a tambaye shi. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne sharewa. Mutum ya ga wata tuntuɓa da yake shakkar ya ji lambar daidai, sai ya goge ta don gudun tara. Shi ya tsira. Wancan kuwa da ya rubuta komai daidai, kwamfuta za ta nemi sunansa a rajistar wannan ta rasa, a cire masa makin a kuma ci shi tara. Alhali tsarin Cabrillo da ake aika rajista da shi ya tanadi mafita: ka sa wa layin alamar X-QSO, ba za a ƙirga maka shi ba, amma zai tsaya shaida ga ɗan'uwanka.

Kayan aikin kama masu laifi yanzu sun samu. Akwai na'urorin SDR, wato rediyon da kwamfuta ke sarrafawa, da ke naɗe zango ɗungurungum na tsawon gasar, a dawo daga baya a ga faɗin siginar kowa, a ji abin da ya faɗa da abin da bai faɗa ba. Gasar CQ na buƙatar masu neman manyan matsayi su naɗi sautin aikinsu gaba ɗaya, kuma takan soke sakamakon waɗanda ta kama. Sai dai ƙarfin tantancewar ya fi karkata ga abin da kwamfuta ke ganewa cikin sauƙi, wato harafin da ya kauce. Ƙaramin da ya ji S a maimakon H ana cin sa tara nan take, babban da ya rufe gurbi uku na kwana biyu sai an kai ƙara an yi bincike.

Abin da nake so kwamitocin gasa su yi ba babba ba ne. Ai dama suna aika wa kowa rahoton kurakuransa bayan tantancewa. Ga tashoshin da suka zo saman kowane rukuni, a ƙara layi biyu, a kuma buga su a fili kusa da makin: faɗin siginar tashar kamar yadda aka auna, da mafi tsawon lokacin da ta yi tana ɗaukar mutane ba ta faɗi sunanta ba. Za a ce masu tantancewar 'yan sa-kai ne, aiki ya riga ya yi musu yawa, kuma auna sigina daga nesa na iya zaluntar wanda ke kusa da na'urar naɗin. Duka gaskiya ne. To a fara da goman farko kawai, a auna daga nahiyoyi biyu ko uku, a shekarar farko kuma kada a cire wa kowa maki, a buga lambobin kawai.